Idan Agogon Kwamfuta Ya Sauya Alhali Zare Yana Cikin Jira

"Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhaja da harshen C a kan wata ƙaramar na'ura mai aiki da Linux. Akwai zare guda, wato thread, ɓangaren manhajar da ke gudana shi kaɗai, da ke jiran saƙo daga wani zaren ta hanyar pthread_cond_timedwait, kuma na ba shi wa'adin sakan biyar. A kan teburina komai lafiya lau, amma da aka kai na'urar wurin aiki, wani lokaci zaren yakan yi shiru na kusan awa guda, wani lokaci kuma wa'adin ya cika nan take bai jira ko sakan ɗaya ba. Na lura abin ya fi faruwa jim kaɗan bayan an kunna na'urar ta samu intanet. Mene ne ke jawo haka, kuma yaya zan magance shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana so zarenka ya jira sakan biyar, ko saƙo ya zo ko bai zo ba ya tashi, sai ga shi yana tashi lokacin da ya ga dama. Alamar da ka bayar a ƙarshe, wato cewa abin yana biyo bayan samun intanet, ita ce ta tona asirin matsalar. A zuciyarka ka ce wa Linux "tashe ni bayan sakan biyar", amma abin da ya isa kunnensa shi ne "tashe ni idan agogo ya nuna ƙarfe kaza da minti kaza da sakan kaza". Muddin babu wanda ya taɓa agogon, maganganun biyu ɗaya ne, shi ya sa ba ka ga komai a teburinka ba. Da zarar wani ya juya hannun agogon kuwa, sai su rabu.

Agogo biyu ne a cikin na'urar

Na farko shi ne wanda masu sana'ar ke kira agogon bango, a Linux sunansa CLOCK_REALTIME. Yana ƙirga sakan-sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 bisa lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya da duniya ke auna sauran lokuta da shi, kuma aikinsa shi ne ya dace da kwanan wata da lokacin da duniya ke ciki. Saboda wannan aikin nasa ne ya zama dole a iya gyara shi, domin agogon da ba a iya saitawa ba zai daɗe yana faɗin gaskiya ba. Na biyu shi ne CLOCK_MONOTONIC, wanda zan riƙa kira agogon ƙirge. Shi bai san ranar Litinin ko watan Maris ba. A Linux yana fara ƙirga ne daga wajen lokacin da aka kunna na'urar, kuma alkawari ɗaya ya ɗauka, cewa ba zai taɓa komawa baya ba kuma babu mai sa shi tsalle.

Shi pthread_cond_timedwait ba ya karɓar tsawon jira, cikakken lokacin tashi yake karɓa a cikin struct timespec, kuma idan ba ka ce komai ba, da agogon bango yake auna shi. Mu ɗauka agogo yana nuna 10:00:00 lokacin da ka lissafa wa'adi, ka ba shi 10:00:05. Bayan sakan biyu sai aka mayar da agogon 09:00:02. Linux bai manta da zarenka ba, yana nan yana jiran 10:00:05 kamar yadda ka umarce shi, sai dai yanzu saura awa guda da 'yan sakan. Idan kuma gaba aka tura agogon ya wuce wa'adin, to nan take zai tashi zaren da ETIMEDOUT, alamar cikar wa'adi. Duka alamomin biyu da ka kawo daga tushe ɗaya suke.

Wa ke juya hannun agogon?

A na'ura irin taka wanda za a fara tuhuma shi ne manhajar daidaita lokaci ta intanet, ko ntpd, ko chrony, ko systemd-timesyncd. Hanya biyu suke bi wajen gyara. Idan bambancin kaɗan ne, sai su ɗan ƙara wa agogon sauri ko su rage har ya kamo daidai, ba tare da tsalle ba. Idan bambancin ya yi yawa, sai su ɗauke shi su dire a lokacin da ya dace. A ntpd iyakar da ke raba hanyoyin biyu ita ce milisakan 128, kuma gyaran a hankali ba ya wuce rabin milisakan a kowane sakan. Ka lissafa da kanka: kuskuren sakan ɗaya zai ci sakan 2000 kafin ya goge, fiye da rabin awa ke nan, kuskuren awa guda kuma zai ci sama da kwana 83. Don haka babu mai hankalin da zai hana tsalle a lokacin kunna na'ura. Shi ya sa ake yawan ganin layin "makestep 1.0 3" a saitin chrony, ma'ana a yi tsalle idan bambancin ya wuce sakan ɗaya, amma a gyare-gyare uku na farko kawai. Wannan tsallen na farko shi ne ke afka wa zarenka, domin manhajarka ta riga ta tashi ta fara jira kafin intanet ya iso.

Ƙananan na'urori da yawa, ciki har da yawancin samfuran Raspberry Pi, ba su da agogon ciki mai batir da ke riƙe lokaci idan an kashe wuta. Irin waɗannan suna tashi ne ko dai a 1970 ko a lokacin ƙarshe da suka adana kafin a kashe su, sannan su yi tsalle gaba, kuma wannan ne ke ba da cikar wa'adi nan take. Shirun awa guda kuwa ya fi kama da wani abu daban, wato agogon ciki da aka saita da lokacin gari alhali Linux yana karanta shi a matsayin UTC. Duk inda ka ga tsallen ya zo awa cif, ko awa biyu cif, to ka fara leƙawa nan. Sai dai kada ka zargi sauyin yankin lokaci shi kansa, ko sauyin lokacin bazara da wasu ƙasashe ke yi, domin waɗannan ba sa taɓa CLOCK_REALTIME ko kaɗan. Yadda ake nuna wa mutum lokacin kawai suke sauyawa.

Akwai kuma sakan na ƙari da ake cusawa a UTC lokaci-lokaci domin ya dace da juyawar duniya. An yi haka sau 27 tun daga 1972, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Na ranar 30 ga Yuni 2012 ya bar tarihi a daidai wannan fannin da kake tambaya: wani kuskure a cikin Linux ya sa wa'adodin jira suka riƙa cika kafin lokacinsu, zarurruka suka dinga tashi suna komawa ba hutawa, manhajojin Java da MySQL suka cinye ƙarfin sabobi, wato kwamfutocin da ke ba wasu sabis, a wurare da dama, kuma maganin gaggawa da mutane suka yi ta yaɗawa shi ne sake saita agogon da umarnin date. A 2022 babban taron awo da ma'auni na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙarin nan da 2035, amma manhajar da ka rubuta yau ba za ta dogara da wannan ba, tun da NTP, wato daidaita lokaci ta intanet, da hannun mai kula da na'ura suna nan daram.

Gyaran da za ka yi a C

Gyaran bai da tsawo. Kafin ka ƙirƙiri pthread_cond_t ɗinka, wato wurin jiran sharaɗi da zaren ke jira a kansa, ka tanadi pthread_condattr_t, ka fara shi da pthread_condattr_init, ka kira pthread_condattr_setclock ka ba shi CLOCK_MONOTONIC, sannan ka miƙa shi ga pthread_cond_init. Daga nan duk lokacin da za ka lissafa wa'adi, ka karanta lokaci da clock_gettime daga CLOCK_MONOTONIC ɗin nan dai, ka ƙara sakan biyar. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne agogon da ka karanta da agogon da aka saita wa wurin jiran su zama ɗaya. Idan ka saita agogon ƙirge amma ka ci gaba da lissafi da gettimeofday, ka ba shi adadin da ya haura sakan biliyan ɗaya da rabi alhali shi ƙirgensa bai wuce 'yan dubbai ba, zaren zai jira fiye da shekara hamsin. Idan ka yi akasin haka, wa'adinka zai faɗa cikin 1970, kowane jira ya cika tun kafin ya fara.

Wannan tarkon ni ma ya taɓa kama ni. Na gyara wata manhajar tattara bayanai daga na'urorin awo, na bi duk inda aka kira pthread_cond_init na sauya, na kuma mayar da aikin lissafin wa'adi, wanda duk manhajar ke amfani da shi, zuwa agogon ƙirge. Washegari sai ga zare guda yana cin ƙarfin sarrafawar na'urar (CPU) ɗungurungum, fankar tana ta kuka. Ashe a wani fayil can gefe an ƙirƙiri wurin jira guda da PTHREAD_COND_INITIALIZER, wanda ba ya karɓar wani saiti, kullum agogon bango yake bayarwa. Binciken da na yi na neman kalmar pthread_cond_init bai nuno shi ba saboda bambancin manyan baƙaƙe da ƙanana. Tun daga ranar nake naɗe wurin jira da lissafin wa'adinsa a cikin ƙaramin tsari guda, yadda babu wanda zai iya ƙirƙirar ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Idan laburaren C na na'urarka, wato glibc, ya kai 2.30, wanda ya fito a 2019, akwai hanyar da na fi so, wato pthread_cond_clockwait. Shi a wurin kiran kake faɗin agogon da kake nufi, don haka mai karanta layin yana ganin agogon da wa'adin tare, ba sai ya je neman inda aka ƙirƙiri wurin jiran ba. Tare da shi aka kawo sem_clockwait da pthread_mutex_clocklock da takwarorinsu na makullin karatu da rubutu, kuma waɗannan sun toshe wata tsohuwar ɓaraka, domin sem_timedwait da pthread_mutex_timedlock agogon bango kaɗai suka sani, babu wani saiti da ke sauya su. Ka duba manhajarka ko akwai su a ciki. Mutane sukan gyara wurin jiran sharaɗi su manta da waɗannan biyun. A macOS babu pthread_condattr_setclock, abin da ake da shi shi ne pthread_cond_timedwait_relative_np mai karɓar tsawon jira kai tsaye. A Windows kuwa SleepConditionVariableCS da WaitForSingleObject tun asali milisakan nawa za a jira suke karɓa, don haka sauyin agogo ba ya shafar jiran shi kansa.

Zagayen jira

Wataƙila ka tambaya, me ya sa tun farko ba a ce a ba da tsawon jira kawai a huta ba? Dalilin yana da ƙarfi. Zaren da ke jiran sharaɗi yana iya farkawa ba tare da kowa ya tashe shi ba, ƙa'idar POSIX da ke tsara aikin pthread ta yarda da haka, ko kuma a tashe shi da gaske amma wani zaren ya riga shi ɗauke saƙon. Saboda haka dole jiran ya kasance cikin zagaye, ana duba sharaɗin, idan bai cika ba a koma jira. Da tsawon jira ake bayarwa, kowace farkawar banza za ta sake ba zaren sabbin sakan biyar, kuma a manhajar da ake yawan tashe-tashe wa'adin ba zai taɓa cika ba. Da cikakken lokacin tashi kuwa, ko sau ɗari zaren ya farka ya koma, wa'adin yana inda yake. To amma wannan fa'idar ba ta samuwa sai ka lissafa wa'adin sau ɗaya tak, kafin shiga zagayen. Na sha ganin an saka clock_gettime a cikin zagayen, an rushe hikimar gaba ɗaya. A wuraren da tsawon jira ake bayarwa, kamar Windows da macOS, kai ne za ka riƙe wa'adin da agogon ƙirge, kowane zagaye ka cire lokacin yanzu ka ba da abin da ya saura, idan saura ya zama sifiri ko ƙasa da haka ka fita. A Windows ka yi wannan lissafin da GetTickCount64, domin tsohon GetTickCount yana komawa sifiri bayan kimanin kwana 49.7.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Idan kana ƙara milisakan, ka tabbata tv_nsec, gurbin nanosakan na struct timespec, bai kai 1,000,000,000 ba, abin da ya haura ka mayar da shi sakan, in ba haka ba kiran zai dawo da kuskuren EINVAL nan take, kuma zagayen da ba ya duba wannan zai yi ta juyawa ba tsayawa. Sannan ko da ETIMEDOUT ya dawo, ka sake duba sharaɗin sau ɗaya tun makullin (mutex) da ke tare da wurin jiran yana hannunka, domin saƙon yana iya isowa a daidai gaɓar cikar wa'adin.

Harsunan da suka fi C tsayi ba su tsira ba

Kada ka ɗauka sauya harshe zai raba ka da batun. C++11 ya zo da steady_clock da system_clock, kuma a rubuce wait_for ya kamata ya auna da na farkon. Amma shekaru da dama laburaren GCC, manhajar da ke harhaɗa rubutun C da C++, yana mayar da wa'adin zuwa agogon bango a ɓoye, saboda babu kiran da zai ba shi damar zaɓar agogo a lokacin jira, sai da pthread_cond_clockwait ya samu aka gyara a GCC 10. Wato rubutu iri ɗaya, daidai bisa ƙa'ida, yana iya maƙalewa a tsohuwar na'ura ya yi lafiya a sabuwa, kuma ƙananan na'urori su ne suka fi daɗewa a kan tsofaffin kayan aiki. Ka kuma guji high_resolution_clock wajen wa'adi, domin a GCC wani suna ne kawai na system_clock. A Java System.nanoTime ne na auna tsawo, System.currentTimeMillis na kwanan wata. Python ya samu time.monotonic a 3.3. Go kuwa sai a 1.9, a 2017, ya fara ɗaukar karatun agogon ƙirge a cikin time.Now, bayan abin da ya sami kamfanin intanet na Cloudflare a ranar 1 ga Janairun shekarar, inda sakan na ƙari ya sa cire wani lokaci daga wani ya ba da adadi ƙasa da sifiri, wani ɓangare na sabis ɗinsu na DNS, mai nemo adireshin shafukan intanet, ya riƙa faɗuwa.

Inda agogon bango ne daidai

Ba kowane jira ne ya kamata a mayar kan agogon ƙirge ba, kuma a nan nake ganin masu gyara suna wuce gona da iri. Tambayar da za ka yi wa kowane jira ita ce, tsawon lokaci nake jira ko wani lokaci a kalanda? "Idan amsa ba ta zo cikin sakan biyar ba a sake aikawa" tsawo ne. "A aika rahoto ƙarfe biyu na dare" lokaci ne a kalanda, kuma idan an gyara agogo, so kake jiran ya bi gyaran. Wanda ya lissafa cewa saura awa tara, ya kwanta awa tara a agogon ƙirge, to in an gyara agogon da awa guda a tsakani rahotonsa zai fita ƙarfe ɗaya ko ƙarfe uku. A irin wannan, cikakken wa'adi a kan CLOCK_REALTIME shi ne daidai, halin da ya cuce ka a sama shi ne ake nema a nan.

Abin da ya rage maka shi ne shawarar da Linux ba zai yanke maka ba: idan agogo ya tsallake ƙarfe biyu gaba ɗaya, a yi aikin a makare ko a bar shi? Idan ya koma baya ƙarfe biyu ta sake zagayowa, a maimaita? Yawanci amsar ita ce a adana ranar da aka yi aikin ƙarshe, kada a yi sau biyu. Idan kana so manhajar ta san an taɓa agogo, Linux tun daga 3.0 yana da hanya, wato ka buɗe timerfd, ma'aunin lokaci da ake karantawa kamar fayil, a kan agogon bango, ka saita shi da TFD_TIMER_ABSTIME tare da TFD_TIMER_CANCEL_ON_SET, duk sa'ad da aka sa agogon tsalle karatunka zai dawo da ECANCELED, sai ka sake lissafin jadawalinka.

Iyakar wannan magani

Agogon ƙirge ba ya tsalle, amma gyaran a hankali yana shafar saurinsa. A ƙarƙashin ntpd wannan bai wuce milisakan biyu da rabi a jiran sakan biyar ba, abin da ba zai dame ka ba. Chrony yana iya ja da ƙarfi fiye da haka, har kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyu, lokacin da yake goge babban bambanci. Akwai CLOCK_MONOTONIC_RAW da ba a taɓawa sam, sai dai na awo ne, glibc ba ya karɓarsa a wurin jiran sharaɗi.

Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce barci. A Linux CLOCK_MONOTONIC yana tsayawa idan na'ura ta shiga barci, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan ta farka. Zaren da ya rage masa sakan uku, aka rufe kwamfutar awa takwas, zai farka ya ƙarasa sakan ukunsa kamar babu abin da ya faru. Ga jiran saƙo tsakanin zarurruka biyu na manhaja ɗaya, wannan daidai ne, tun da duka biyun sun yi barcin tare. Amma idan wa'adin na wani abu ne da ke waje, misali izinin da wata saba ta ba ka na sakan talatin, to ita ba ta yi barci ba, izinin ya daɗe da mutuwa. A nan CLOCK_BOOTTIME ake nema, wanda ya shigo a Linux 2.6.39 kuma yana ƙirga har lokacin barci. Tun da pthread_cond_t ba ya karɓarsa, ana bi ta timerfd ne, ko a duba shi da hannu bayan kowace farkawa. Haka nan karatun agogon ƙirge ba shi da ma'ana a wajen na'urar da aka karanta shi, ko bayan an sake kunna ta, don haka kada ka rubuta shi a fayil ko ka aika wa wata na'ura a matsayin wa'adi.

Wasu za su ba ka shawarar ka hana manhajar tashi sai an gama daidaita lokaci, misali ta jiran time-sync.target a systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka idan an kunna Linux. Yana rage yawan aukuwar, kuma yana da amfani idan kana rubuta kwanan wata a bayananka, amma ban ɗauke shi magani ba, domin na'urar da ba ta samu intanet ba za ta zauna ba aiki, kuma ranar da wani ya saita agogo da hannu matsalar za ta dawo.

Bayan ka yi gyaran, ka gwada shi da gangan a kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) ko a na'urar gwaji, ba a cikin Docker mai killace manhaja ba, domin shi agogon bangon uwar na'urar yake amfani da shi. Ka kashe daidaitawa da timedatectl set-ntp false, ka ɗaga wa'adin zuwa sakan talatin don ka samu sarari, ka bar zaren ya shiga jira, sannan ka mayar da agogo baya awa guda da date -s, ka riƙe agogon hannunka ka ga ko ya tashi a kan lokaci. Ka maimaita da tura agogon gaba. Ka fara yin gwajin a kan tsohon rubutun kafin gyara, domin ka ga shirun awa gudan da idonka a kan teburinka. Idan tsohon ya maƙale sabon ya tashi a sakan talatin, ka kama ainihin abin da ke damun na'urarka.